Buhu 40 da babu wanda ya sata: nazarin lissafin wani siton taki a Excel

Shagon na taki ne da iri da maganin feshi, a wani gari mai kasuwar mako. Mai shi dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, kowa Alhaji yake ce masa. Yawancin cinikinsa na damina bashi ne: manomi ya ɗauki yuriya ko kamfa a farkon shuka, wani ya ba da kafin alƙalami, wani ko sisi, sai kaka ta yi a zo a warware. Shekara da shekaru littafi mai bangon kwali ne ke riƙe da wannan duka, da dungun rasit mai kwafi. Da ɗan ƙanin Alhaji ya gama makaranta ya dawo gida, sai aka saya masa laftof mai ɗauke da Excel 2016, aka ce ya mayar da lissafin cikin kwamfuta. Yaro ne mai ƙwazo da riƙon amana, kuma abin da ya gina ya yi kyau a ido. An kira ni ne bayan abu biyu sun faru a damina ɗaya: kwamfuta ta ce akwai buhu 40 na yuriya a sito da ido bai gan su ba, sannan wani manomi ya zo biya aka karanta masa kuɗin da ya wuce yadda suka yi da Alhaji. Lambobin da zan kawo na daidaita su don a ji sauƙin bi, amma yadda abin ya gudana haka yake.

Yadda aka gina fayil ɗin

A saman shafin akwai kwanan wata da fomular =TODAY() ke bayarwa. Kusa da shi gurbin B1 na farashin buhu. Gurbin B3 an rubuta masa "shigan yanzu", B4 "fitan yanzu", B5 kuma "ragowa a sito". Burin yaron mai sauƙin fahimta ne. Yana so idan an sauke kaya ya rubuta adadin a B3, idan an fitar ya rubuta a B4, shi kuwa B5 ya riƙe jimillar ya ci gaba da tafiya da ita, ko da an goge abin da aka rubuta a sama. Don haka a cikin B5 ɗin ya rubuta =B5+B3-B4.

Nan take Excel ya yi masa gargaɗi cewa fomular tana komawa kanta. Ya bincika a intanet, ya ga ana cewa a shiga File, sai Options, sai Formulas, a kunna Enable iterative calculation. Ya kunna, gargaɗin ya ɓace. Ya rubuta 20 a gurbin shiga don gwaji, sai ragowa ta nuna 2,000. Dalili shi ne Excel yana zuwa da wannan saitin a kan maimaitawa sau 100, kuma ba ya tsayawa kafin nan sai idan canjin da ake samu tsakanin zagaye da zagaye ya gaza 0.001. Ya ƙara 20 sau ɗari ke nan. Yaron ya gane, ya mayar da adadin maimaitawar zuwa 1, sannan ya sa sharaɗi domin jimillar ta zauna daram idan babu abin da aka rubuta:

=IF(AND(B3="",B4=""),B5,B5+B3-B4)

Ma'anarta: in guraben biyu babu komai, bar ragowa yadda take, in akwai, ƙara ko rage. Ya gwada, ta yi. Ya nuna wa baffansa, Alhaji ya sa masa albarka, aka ajiye littafin sito a lokar teburi. Rasit kaɗai aka ci gaba da yankawa, kuma wannan ne ya cece su daga baya.

Inda buhu 40 suka fito

Fomula ba ta san an sauke kaya ba. Abin da ta sani shi ne an ce ta sake lissafi, kuma Excel yana sake lissafi a lokuta da dama da mai rubutu bai lura ba: idan an danna F9, idan an shigar da wani abu a wani gurbi, idan an buɗe fayil mai ɗauke da TODAY ko NOW, domin waɗannan biyun kullum sabunta kansu suke yi. Muddin akwai lamba zaune a B3, duk sake lissafin da aka yi ƙari ne a kan ragowa. Tsarin gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu guda, wato yaron ya goge lambar nan da nan kafin ya taɓa wani abu. Ranar kasuwa kuwa, ga 'yan dako suna jiran sallama, ga masu babur a bakin ƙofa, ga wanda ke neman canji, wa zai tuna?

Mun yi kwafin fayil ɗin muka gwada a gaban Alhaji. Ragowa tana 300. Na ce yaron ya rubuta 40 a gurbin shiga, ta koma 340. Na ce kada ya goge, ya je can gefe ya rubuta lambar wayar wani a gurbin da ba ruwansa da lissafi. Yana danna Enter ragowa ta zama 380. Alhaji ya cire tabarau ya sake sawa, ya ce, "Kai yaro, sake yi in gani." Aka sake, ta koma 420.

Da muka bi dungun rasit, an taɓa karɓo buhu 40 cif daga wurin wani abokin sana'a a tsakiyar damina, lokacin da yuriya ta yanke. Duk sauran shiga da fita sun dace da abin da aka ƙirga a sito, in dai an sa wannan 40 ɗin sau ɗaya. Kwamfuta ta sa shi sau biyu.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne wanda zargin ya faɗa wa. Akwai wani bawan Allah da ke riƙe makullin sito tun kafin a haifi mai laftof ɗin. Babu wanda ya ce masa ɓarawo a fuska, amma an fara tambayarsa wa ya shiga ranar kaza, wa ya kwana da makulli, an kuma sa wani ya riƙa tsayawa idan ana lodi. Mutum ya san me wannan ke nufi. Lamba a allon kwamfuta tana da kwarjini a wurin mutanenmu fiye da bakin dattijo, kuma lambar nan ba ta da shaida ko ɗaya a bayanta. Gurbin B5 kamar allon almajiri ne: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa, na jiya ya tafi da ruwan wankin. Da babu rasit, har yau da ba a wanke mutumin nan ba.

Akwai wasu ramukan a wannan tsari da Allah ya sa ba su faɗa ba, na nuna wa yaron su a kan kwafin. Idan ya yi kuskure ya rubuta 100 maimakon 10 a gurbin fita, sannan ya gyara zuwa 10, an cire 110 ke nan, domin gyaran ma sabon ragi ne. Idan ya rubuta "10 buhu" da haruffa, gurbin zai nuna #VALUE!, kuma ko ya goge rubutun kuskuren ba zai tafi ba, tunda fomular cewa take a bar B5 yadda yake, shi kuma yadda yake ɗin kuskure ne. Mafita ita ce a sake shigar da fomular, ita kuma daga sifili za ta fara, jimillar damina ta tafi. Na ƙarshe ya fi ɓoyuwa. Excel yana ɗaukar saitin maimaitawa ne daga fayil ɗin da aka fara buɗewa a wannan zaman, ya ɗora shi a kan sauran. Ranar da aka riga buɗe wani fayil daban, na sito zai tashi da gargaɗi, ko kuma ya tashi da maimaitawa ɗari idan haka wancan yake.

Bashin da ya ƙaru shi kaɗai

Matsala ta biyu a shafin bashi take, kuma a ganina ta fi ta farko nauyi. Kowane manomi yana da layinsa: suna, adadin buhu, sai kuɗin da fomula ke fitarwa ta hanyar ninka buhun da farashin da ke B1. Farashi ɗaya, gurbi ɗaya, ga kowa. Duk wanda ya san kasuwar taki tun daga 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya hargitsa farashinsa a duniya, da kuma bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023, ya san buhu ba ya kwana biyu a kuɗi ɗaya. Duk ranar da sari ya tashi, yaron sai ya canza B1. Yana canzawa, duk layukan baya su canza tare da shi.

Wani dattijo ya ɗauki buhu 5 a kan naira 30,000 kowanne, bashinsa 150,000. Kafin kaka farashi ya kai 36,000. Ya zo da kuɗinsa a ƙulle, yaron ya duba ya ce, "Baba, dubu ɗari da tamanin ne." Dattijon ya ce ba haka suka yi da Alhaji ba. Yaron ya juya masa laftof ya ce ga shi a rubuce. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya jira Alhaji ya dawo daga masallaci, ya ce, "Alhaji, yaushe ka fara sa wa bashi ruwa?" Wannan kalma ta yi wa Alhaji zafi ƙwarai, don mutum ne mai gudun riba, kuma gaskiyar dattijon ce: ƙari a kan bashi saboda lokaci ya wuce, ko mutum ya yi shi ko gurbin B1, sunansa ɗaya. Aka ɗauko rasit, aka ga 30,000, aka ba shi haƙuri. Amma kafin shi mutum nawa suka biya ba su yi musu ba? Sai da aka bi kowane rasit, aka mayar wa mutum uku kuɗinsu.

Kwanan watan ma haka. A kowane layin bashi yaron ya sa =TODAY() don ya huta da rubutawa. Duk ranar da aka buɗe fayil, bashin watan Yuni da na Agusta duk sai su nuna yau aka ci su.

Matsalolin uku tushensu ɗaya. Tun VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979, abin da ya sa wannan nau'in manhaja ya karɓu shi ne ka canza lamba ɗaya komai ya bi ta. Wannan baiwa ce ga mai tsara kasafi da ke son ya ga me zai faru idan farashi ya hau. Ga mai rubuta abin da ya riga ya faru kuwa, haɗari ce. Ranar da aka ɗauki kaya, adadin buhu, farashin da aka yi musafaha a kai, waɗannan sun faru sun wuce, hannu ne ya kamata ya rubuta su. Ragowa da jimilla su ne aikin fomula, kuma ya kamata a iya goge su duka a sake fitar da su daga abin da hannu ya rubuta, su dawo daidai. Ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, cewa ta yi a rubuta. Na ce wa yaron lambar da ke canzawa bayan masu ciniki sun rabu ba ta cika wannan umarni ba, ko da tana cikin kwamfuta.

Gyaran farko, da inda ya tsaya

Kafin in zo yaron ya riga ya fara gane bakin zaren. Ya buɗe sabon shafi, kowace shiga ko fita da layinta, ragowa kuma tana ɗaukar ta layin sama ta ƙara ta rage, kamar =J2+E3-F3. Haka littafin akawu yake tun asali, kuma ya fi na da nesa ba kusa ba. Sai dai sarƙa ce, kowane layi ya dogara da na samansa. Ya ja fomular har ƙasa, ya ga ragowa tana maimaita kanta a layukan da ba a cike ba, sai ya sa IF ta bar su fayau da "". Ran da ya tsallake layi ɗaya bai rubuta komai ba, na ƙasa ya nuna #VALUE!, domin "" rubutu ne a wurin Excel, alamar tarawa kuma ba ta tara rubutu da lamba. Ran da ya goge wani layi da ya rubuta sau biyu, duk na ƙasa suka zama #REF!. Ga kuma yuriya da kamfa da sufa a cakuɗe cikin ragowa ɗaya.

Ya so ya lulluɓe komai da IFERROR ta riƙa nuna sifili a madadin kuskure. Na hana shi. Kuskuren da ke nuna kansa a fili shi ne mai sauƙi, sifilin ƙarya kuwa zai shige cikin jimilla ba wanda ya ji motsinsa.

Tsarin da muka tsaya a kai

Shafi ɗaya ne, muka sa masa suna Rajista. Ginshiƙin A lambar layi ce, 1, 2, 3, da hannu ake rubuta ta. B rana, C manomi, D irin kaya, E buhun da ya shiga, F wanda ya fita, G farashin da aka yi ciniki a kai, H kuɗin kayan, I abin da aka biya, J ragowar sito, K bashin da ke kan mutumin. Daga A zuwa G, da kuma I, duk rubutun hannu ne. Fomula uku ce kawai. Ta H ita ce =IF(F2="","",F2*G2). Ta ragowar sito:

=IF(D2="","",SUMIFS(E:E,D:D,D2,A:A,"<="&A2)-SUMIFS(F:F,D:D,D2,A:A,"<="&A2))

A karanta ta da Hausa: in ba a rubuta irin kaya a wannan layi ba, kada ki ce komai. In an rubuta, tara duk buhun da ya shiga na irin wannan kayan daga layi na farko zuwa wannan, ki cire duk wanda ya fita. Ta bashi ƙanwarta ce:

=IF(C2="","",SUMIFS(H:H,C:C,C2,A:A,"<="&A2)-SUMIFS(I:I,C:C,C2,A:A,"<="&A2))

SUMIFS tana cikin Excel tun fitowar 2007, don haka tsohuwar laftof ba ta da uzuri, kuma haka take aiki a Google Sheets. Ba ta damu da gurbi fayau ko mai "" ba, tsallake su take yi. Babu layin da ya jingina da na samansa, saboda haka goge layi ko cusa wani a tsakiya ba ya karya komai. Hanyar da aka fi koyarwa ita ce kewayo mai buɗewa, irin SUM(E$2:E2), inda farkon ke kafe ƙarshen ke tafiya. Tana da kyau, kuma da kaya iri ɗaya ne da ita zan ba shi. Na zaɓi sharaɗin lambar layi ne saboda na san wata rana wani zai jera rajistar bisa suna, kuma ina so ragowar kowane layi ta bi shi duk inda ya koma. Shi ya sa lambar ba za ta zama fomular ROW ba, don ita tana canzawa da wurin zama. Ban yi sharaɗin da kwanan wata ba kuwa domin ranar kasuwa ɗaya tana iya cin layi hamsin, duk rana ɗaya.

Aibin wannan hanya shi ne nauyi: kowane layi yana duba rajistar gaba ɗaya. Ga shagon da ke cika layi dubu biyu ko uku a damina, ba a ma jin sa. Mai layi dubu ɗari ya wuce wannan tsari, ya nemi manhajar da aka gina don sito.

Ga 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram da ke aiki da Excel na Faransanci, IF ita ce SI, SUMIFS kuma SOMME.SI.ENS, sannan waƙafi mai ɗigo ake sawa a tsakani maimakon waƙafi. Idan fayil aka turo muku, da kansa zai juya sunayen.

Kwanan wata Ctrl da alamar waƙafi mai ɗigo (;) ake dannawa tare, ranar ta zauna a matsayin lamba, ba ta ƙara motsi. Yaron ya kawo wata fomula da ya gani mai kafe lokaci, =IF(D2<>"",IF(B2="",NOW(),B2),""), ya ce ai wannan ba ta tarawa. Gaskiya ne ba ta tarawa, amma ita ma komawa kanta take yi, sai an bar maimaitawa a kunne. In kuwa an bar ta a kunne, Excel ya daina gargaɗi ke nan a kan duk wata fomular da ta koma kanta bisa kuskure a ko'ina cikin fayil ɗin. Danna maɓalli biyu bai kai wannan tsada ba. Muka kashe saitin.

Mun duba batun makro ma, wato ɗan shirin da ake rubutawa a cikin Excel ya riƙa yin wani aiki da kansa. Da VBA, harshen rubuta makro a Excel, ana iya rubuta ɗan umarni a ƙarƙashin Worksheet_Change, da zarar an cike layi ya buga rana da farashi a matsayin lambobi tsayayyu. Yana aiki, kuma hanya ce ta gaskiya. Amma sai an adana fayil ɗin a matsayin xlsm, makro ba ya gudana a Excel na waya, kuma idan ya yi rubutu a shafi Ctrl+Z ba ta iya komar da abin da ya gabata. Alhaji a waya yake duba lissafinsa da daddare. A Google Sheets akwai onEdit mai irin wannan aiki, ga tarihin canje-canje da ke nuna wa ya taɓa me, wanda na so ƙwarai, sai dai sabis a kasuwar nan yana zuwa yana tafiya. Akwai kuma SCAN da LAMBDA a sabon Excel na Microsoft 365, masu fitar da jimilla mai tafiya da fomula guda, amma babu su a na 2016, kuma su ma daga layukan suke sake tarawa kowane lokaci.

Farashin yau yana nan a wani ƙaramin shafi don tunatarwa, amma babu fomular da ke jan sa. Alhaji da kansa ya ƙarfafa wannan da wani dalili da ya fi nawa: ba kowa yake sayar wa kuɗi ɗaya ba. Wanda ya ɗauki buhu hamsin da wanda ya ɗauki biyu, wanda ya biya rabi da wanda bai ba da komai ba, maƙwabci da baƙo, kowa da yadda aka yi da shi. Ga wurin da farashi ɗaya ne ga kowa, ana iya yin jadawalin farashi da ranar da kowanne ya fara aiki, a jere daga tsoho zuwa sabo, VLOOKUP mai TRUE a ƙarshe ta ɗauko wanda ya dace da ranar layin. Sharaɗin shi ne sabon farashi sabon layi ne a jadawalin, ba a taɓa tsohon.

Sunaye sun ba mu aiki fiye da fomula. Mutum ɗaya an rubuta shi da "Malam" a wani layi, "Mal." a wani, a na uku kuma an bar tazara bayan sunan da ido ba ya gani. SUMIFS ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami, amma waɗannan ukun mutum uku ne a wurinta, kowanne da guntun bashi. Ga kuma masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya, waɗanda laƙabi kaɗai ke raba su. Muka yi shafin manoma, kowa da lambarsa da laƙabinsa da ƙauyensa, muka sa Data Validation a ginshiƙin C da D ta yadda zaɓa ake yi daga jeri, ba a rubutawa. A can gefe kuma ginshiƙin gargaɗi: =IF(AND(F2>0,G2=""),"BA FARASHI",""), da wani mai cewa "DUBA" idan ragowar sito ta sauka ƙasa da sifili.

Dokokin aiki uku muka rubuta a takarda aka manna a bango, don fomula ba za ta iya tilasta su ba. Layin farko na kowane kaya ragowar bara ce, wadda aka ƙirga da hannu a sito. Idan an gano kuskure bayan an tashi kasuwa, ba a gyara tsohon layi, sabo ake yi mai warware shi, a rubuta dalili. Ƙarshen kowane wata a buga rajistar a takarda, mai riƙe makulli ya ƙirga buhu, shi da Alhaji su sa hannu. Mun kulle guraben fomula da Protect Sheet don kada hannu ya goce, amma na gaya musu wannan kariya ce daga kuskure, ba za ta tare mai niyya ba. Takardar da aka sa wa hannu ita ce shaida. Idan damina ta ƙare, a ɗauki ragowar kowane kaya da bashin kowane mutum, a yi Copy, a yi Paste Special, a zaɓi Values cikin sabon fayil. A nan ne kaɗai ake daskarar da sakamakon fomula, kuma tsohon fayil yana nan a ajiye ga mai son ganin inda lambar ta fito.

Da kaka ta kama sai ga wata tambaya da ba mu yi tunaninta ba. Manoma da yawa ba kuɗi suke kawowa ba, masara ko shinkafa suke saukewa a bakin bashinsu. Yaron ya kira ni ya ce, "Malam, wannan kuma wane shafi zan buɗe masa?" Na ce ya gwada layi ɗaya tukuna. Ya zaɓi manomin a C, ya ƙara masara cikin jerin kaya ya zaɓe ta a D, ya rubuta buhu 4 a E, sannan a I ya rubuta kuɗin da Alhaji da manomin suka amince buhunan sun tsaya a ranar. Ginshiƙin J ya buɗe wa masara ragowarta daban ba tare da ya taɓa ta taki ba, K kuma ya rage bashin mutumin da daidai abin da aka yi magana. Mako biyu bayan haka masara ta faɗi a kasuwa, layin bai motsa ba, asarar kuma ta fito a inda ya dace, wato a layin da Alhaji ya sayar da masarar, da farashin ranar sayarwa a ginshiƙin G.